Darasi: Littafin Lissafi Na Mai Zaman Baƙunta

Mutanenmu matafiya ne tun kaka da kakanni. Fatake sun bi hanyar Gwanja har Salaga neman goro. Waɗansu suka zauna a zangon Kumasi da na Ankara, suka yi aure, suka haifu. Har yau samarinmu suna tafiya ci-rani bayan kaka.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A shekarar 1969 gwamnatin Gana ta ba da doka, ta ce baƙin da ba su da takardar zama su fita. Mutane masu yawa suka komo ƙasar Hausa. Wanda yake aike, yana gyaran ɗakinsa da gonarsa, ya tarar da wurin sauka. Wanda ya yanke zumunci, ya iso garinsu kamar baƙo.

To, aike ba ya ɗorewa sai da lissafi. Mu sayi littafi guda. Kowane shafi mu ja masa layi a tsakiya. A hagu mu rubuta SHIGA, watau kuɗin da ya zo hannunmu. A dama mu rubuta FITA, watau wanda muka kashe. Kome za mu rubuta, mu fara sa kwanan wata.

Ga misali. A ce ɗan'uwanmu yana sayar da albasa a Kumasi. Kuɗin ƙasar sidi ne.

SHIGA
Ran 1, jari: 2,000
Ran 20, cinikin albasa: 2,300
Jimla: 4,300

FITA
Ran 2, sarin albasa: 1,500
Ran 2, mota da dako: 100
Ran 30, abinci da haya: 300
Jimla: 1,900

Mu ɗebe 1,900 daga cikin 4,300, saura 2,400. Amma ba duka ne nasa na kashewa ba. Sidi 2,000 jari ne, ba a taɓa shi. Abin da zai iya aikawa gida 400 ne. In ya ji kunya ya aika 1,000 don a yabe shi, ya ci 600 daga cikin jarinsa. Wata huɗu a haka, jari ya ƙare, aike kuma ya tsaya. Gara kaɗan kullum da mai yawa sau ɗaya.

A ƙarshen littafin mu ware shafi don aike kaɗai. Mu rubuta abu biyar: rana, yawan kuɗi, hanyar da ya bi, wanda ya karɓa, da abin da za a yi da shi. Ko ta banki muka aika, ko ta waya, mu adana rasit. In ta hannun mutum ne, mu ba shi gaban shaida. Sidi daban, naira daban, sefa daban, canji kuwa yana hawa yana sauka. Saboda haka mu rubuta abin da muka bayar da abin da ya isa.

Mu na gida ma da namu aikin. In wa ya aiko kuɗin taki, mu rubuta, mu sayi taki, kada mu juya shi biki. Ran da ya zo a aza littafinsa kusa da namu. In sun yi daidai, babu zargi. Bashi ma, ko tsakanin wa da ƙane ne, a rubuta shi. Alƙur'ani ya hore mu da haka a cikin Suratul Baƙara.

Tambayoyi
1. Me ake rubutawa a hagu, me ake rubutawa a dama?
2. Don me mai albasa ba zai aika sidi 1,000 ba?
3. Faɗi abu biyar na shafin aike.

Aiki: Kowa ya ja layi a littafinsa, ya rubuta shiga da fitarsa na ranar kasuwa mai zuwa, ya kawo wa malami.