Ƙofofin Shiga Aikin Malanta: Jan Hankali ga Iyaye da Ɗalibai a Kudancin Kaduna

Jama'a, ku sani cewa zamanin da mutum zai gama aji bakwai a miƙa masa alli a ce ya shiga aji ya wuce. Dattawanmu na Kagoro da Kwoi da Zonkwa da Kafanchan suna tune da lokacin da makarantun mishan da na En'e ke yaye malamai, da kuma lokacin da takardar Giredi Tu ta ishi mutum ya zama hedimasta, gari duka na tashi tsaye in ya wuce. A 1976, da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa fiye da yawan malamai, aka ɗebi duk wanda ya iya karatu da rubutu. Yau kuwa Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tsayar da takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar da ake shiga aji da ita. Karatunta shekara uku ne, kuma a yankinmu gidanta shi ne Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya, kusa da Kafanchan, wadda aka kafa a 1977.

Ƙofa ta farko ita ce sakamakon jarrabawar gama sakandare, ko ta WAEC ko ta NECO ko ta NABTEB. Abin da aka daɗe a kai shi ne kiredit biyar, da Turanci da Lissafi a ciki, a zaman da bai wuce biyu ba. Ma'anar zama biyu ita ce ana iya haɗa sakamakon jarrabawa biyu, amma ba uku ba. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta wa masu neman NCE, ta ce kiredit huɗu sun isa: Turanci dole ne ga masu karatun harsuna da zamantakewa, Lissafi dole ne ga masu kimiyya da sana'a da fasaha. Sai dai ni shawarata kada yaro ya kwanta a kan wannan sassauci. Malamin firamare a ƙauyen Sanga ko Kauru sau da yawa shi kaɗai ne a ajinsa, shi zai koyar da Turanci da safe, ya koyar da Lissafi da hantsi. Wanda bai ci Lissafi ba, me zai ba yaran? Ga kuma ranar da zai so ya ƙara karatu zuwa digiri, inda za a sake tambayarsa biyar ɗin nan da ya gudu ya bari.

Akwai kuma abin da iyaye kan manta. Ba yawan kiredit kaɗai ake dubawa ba, ana duba ko suna cikin darussan da ɗalibin zai karanta. A kwalejin ilimi yawanci darussa biyu ake haɗa wa mutum, kamar Hausa da Turanci, ko Kimistiri da Bayoloji. Yarinyar da ta ci Tarihi da Addini da Gwamnati ba za a ba ta Bayoloji ba don kawai mahaifinta na so.

Ƙofa ta biyu ita ce hukumar JAMB, kuma nan ne aka fi yin asara. A 2010 aka haɗe jarrabawar shiga jami'a da kwalejin fasaha da kwalejin ilimi ta zama ɗaya. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuma shekarun shiga babbar makaranta ba su gaza 16 ba. A 'yan shekarun da suka wuce makin da aka tsayar wa kwalejojin ilimi bai wuce 100 cikin 400 ba, abin da ya sa wasu ke kallon malanta a matsayin matattarar waɗanda jami'a ta ƙi. Wannan raini ne da ke dawo mana gida, domin wanda muka tura kwaleji don mun rasa inda za mu kai shi, shi ne zai dawo ya riƙe ƙannensa a aji. Ƙa'idojin nan kan canza daga shekara zuwa shekara, don haka a nemi sanarwar shekarar a karanta, kada a dogara da abin da yayan yaro ya yi shekara biyar da suka wuce.

Abu ɗaya dai bai canza ba. Tun 2017 duk gurbin karatu na halal sai ya bi ta manhajar JAMB da ake kira CAPS, ɗalibi ya shiga da kansa ya amsa, sannan ya buga takardarsa. Duk wanda ya tare ku a tasha ko a shagon intanet ya ce ya san wani a ciki, ku kawo kuɗi ya samo muku gurbi ta bayan gida, to ku riƙe kuɗinku. Uba ya sayar da buhunan citta a kasuwar Kachia, ya biya kuɗin makaranta shekara uku, yaro ya sha karatu ya gama, ranar da ya je neman shiga aji biyu na jami'a da takardarsa sai a ce babu sunansa a rajistar JAMB. Wannan ciwo ne mai wuyar magani, kuma rigakafinsa bai wuce duba waya na minti biyar ba. Haka nan makarantun da ke tsirowa a lunguna da allon suna mai kyalli, suna cewa suna ba da NCE a ƙarshen mako. Hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ce ke tantance kwalejojin ilimi da kwasa-kwasansu. Makarantar da ba ta cikin jerinta, takardarta ta ƙunshe ƙosai ce. Wanda aiki ko aure ya hana shi zama a kwaleji, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wadda ke da cibiyoyin karatu daga nesa da hukuma ta sani.

Sai batun suna da ranar haihuwa, wanda ake ɗauka ƙaramin abu. A yankinmu yaro ɗaya kan zama Bitrus a gida, Peter a takardar baftisma, wani kuma Audu a firamare, Abdullahi a sakandare. Wani sunan mahaifi ya sa a WAEC, sunan kaka a NIN. Kwamfuta ba ta san dangi ba, mutum biyu take gani. A daidaita sunan tun yaro na aji huɗu na sakandare, a rubuta shi iri ɗaya a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ko ta Jema'a ko ta Kaura ko ta Zangon Kataf, da katin ɗan ƙasa. A kuma daina rage shekaru a rantsuwar kotu. Sayen sakamako da ƙirƙirar takardar bogi laifi ne da dokar hana satar jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗauri a kansa, kuma kwaleji na da ikon korar ɗalibi ko janye takardarsa duk ranar da asiri ya tonu, ko da ya daɗe da gamawa.

Ƙofa ta uku tana bayan kammala karatu, amma ya kamata a san da ita tun kafin a fara. Doka mai lamba 31 ta 1993 ta kafa Hukumar Rajistar Malamai, TRCN, ta kuma mai da koyarwa sana'ar da ba a yi sai da rajista da lasisi, kamar aikin likita ko lauya. Tun 2017 sai an zauna jarrabawar hukumar a kan kwamfuta kafin a samu rajistar. Mai digiri a wani fanni da ba na ilimi ba, komai ƙwarewarsa, sai ya ƙara da difloma ta koyarwa kafin doka ta kira shi malami. Don haka ɗalibin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya fara koyo tun yana aji ɗaya a Gidan Waya.

Mu a jihar nan ba sai an ba mu labari ba. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu na firamare, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki, an yi ta muhawara kan adalcin jarrabawar, kuma har yau akwai masu ganin an haɗa mai laifi da mara laifi. Ko me mutum zai ce game da yadda aka yi, gidaje da yawa a kudancin Kaduna sun rasa abinci a wata ɗaya, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka sallama suna riƙe da takardu a hannunsu. Takardar ta shigar da su aiki, ba ta iya tsare su a ciki ba.

Wanda kuwa ya shiga ta ƙofa, aikin yana da tsawon rai. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 na aiki.

Saboda haka, ya kai uba, ya ke uwa, kafin a sayar da akuya ko buhun masara, a zauna da yaron a shimfiɗa takardunsa a tabarma. A duba kiredit ɗinsa da darussan da suke ciki, a duba ko sunansa ɗaya ne a kowace takarda, a tabbatar gurbin ya fito a manhajar JAMB. In wani abu ya shige muku duhu, ku hau mota ku je ofishin rajista na kwalejin da kanku ku tambaya, ba a biyan ko kwabo a kan tambaya.