Firoksi ba ya tsare kowa sai katangar tsaro ta tilasta bin sa

'Yan'uwa masu kula da kwamfutocin ofisoshi, makarantu da asibitoci, akwai wani sakaci da nake yawan tararwa idan aka kira ni duba hanyar sadarwa. An kafa firoksi, wato na'urar da duk mai son shiga intanet zai bi ta kanta domin a tace shafuka a kuma ajiye bayanin zirga-zirga. An saka adireshinta a burauzar kowace kwamfuta, sai a ɗauka an gama. Alhali da sauran aiki.

Saitin burauza roƙo ne kawai. Ma'aikaci na iya cire shi cikin minti ɗaya, Firefox ma tana da nata saitin daban da na Windows. Muguwar manhaja kuwa sau da yawa ba ruwanta da shi, kai tsaye take neman wanda ya turo ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin yana wurin katangar tsaro, ko MikroTik kake amfani da ita, ko pfSense, ko FortiGate. Dokoki uku ne ginshiƙi. Ta farko, a bar kwamfutocin ma'aikata su isa ga firoksi ta ƙofarsa kaɗai, misali 3128 idan Squid ne. Ta biyu, a bar firoksi shi kaɗai ya fita intanet ta ƙofa 80 da 443. Ta uku, a toshe duk wata fita, a kuma rubuta kowane yunƙuri. Jerin yana da muhimmanci, domin waɗannan na'urori daga sama suke karanta dokoki, wadda ta fara dacewa ita ke aiki. Tsohuwar dokar "a bar kowa ya wuce" guda ɗaya a sama ta isa ta rusa komai.

Akwai ɓarakar da aka fi mantawa. Chrome da YouTube suna amfani da QUIC, wanda ke bi ta UDP a ƙofa 443, don haka wanda ya toshe TCP kaɗai ya bar hanya a buɗe. Haka ƙofa 53 ta DNS: idan kowace kwamfuta na iya tambayar waje, ana iya sulale bayanai ta nan. A taƙaita ta ga sabar cikin gida, a rufe ƙofa 853 da ita ma DNS ke bi. Kuma duk dokar da aka rubuta wa IPv4, a rubuta wa IPv6 irinta.

Wasu manhajoji ba sa jituwa da firoksi. Kada a buɗe musu hanya gaba ɗaya saboda gaggawa. A ba na'ura ɗaya izinin zuwa adireshi ɗaya, a rubuta dalili da ranar da za a sake dubawa. Sannan a sanar da ma'aikata cewa ana ajiye bayanin shigarsu, a kuma killace shi, domin a Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi irin wannan bayani.

Don Allah yau ka gwada: cire saitin firoksi a kwamfuta ɗaya, ka buɗe wani shafi. Idan ya buɗe, to firoksinka ado ne kawai. Ka gyara dokokinka tun kafin ɓarna ta auku.