Tsakanin Ofis da Zaure

'Ya'yana, samari da 'yan mata masu kafa ƙungiyoyin taimakon al'umma, Allah ya yi muku albarka. Ina ganin yadda kuke yashe kwatoci kafin damina, kuna haɗa karo-karo a biya wa marar lafiya kuɗin aiki, kuna gyara famfon da ya shekara a mace. Zuciyata na yin sanyi da wannan. Sai dai akwai maganar da nake yawan ji a bakinku: "Mu ba ruwanmu da gwamnati." Wasu kuma sun karkata ɗaya gefen, da zarar takardar rajista ta fito sai su tare a sakateriyar ƙaramar hukuma suna jiran abin da zai faɗo. Ina so mu zauna a kan wannan, kuma da labarin shan-inna zan yi muku, tunda yawancinku an ɗiga muku maganinta a baki kuna goye.

A shekarar 1988 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kawar da shan-inna daga doron ƙasa. Ƙungiyar Rotary ta riga ta soma tara kuɗin aikin tun 1985, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna ciki, gwamnatin Nijeriya ma ta sa hannu. Kuɗi akwai, magani akwai, ma'aikata akwai. Amma a 2003 sai magana ta bazu cewa an zuba wa maganin abin hana haihuwa. Kano da Kaduna da Zamfara suka dakatar da rigakafin. Kano ce ta fi daɗewa, sai a watan Yulin 2004 ta koma, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo magani daga Indunisiya. Kafin ƙura ta lafa, cutar ta tsallaka daga nan zuwa ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita, kuma a 2006 kaɗai yara sama da 1,100 ta kama a Nijeriya. Waɗansunsu tsararrakinku ne, kuna ganinsu yau a kan keken guragu.

Kada ku yi saurin kiran iyayen wancan lokaci jahilai. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a kan yara. Cikin yara kimanin 200 da aka sa a gwajin, 11 sun rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Ga kuma tambayar da magidanta ke yi wa masu rigakafi a ƙofar gida, wadda ni har yau nake ganin mai hankali ce: zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda na ɗauke mana yara, idan mun je asibiti a rubuta mana takarda mu saya a kemis, to me ya sa wannan ɗigon kaɗai ake biyo mu da shi har ɗaka, kyauta, sau da yawa a shekara? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rashin yarda ya riga jita-jita zuwa.

Ba umarni daga Abuja ne ya buɗe ƙofofin nan ba. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Saƙo ya riƙa sauka daga fada zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, wanda ya san gidan da aka yi haihuwa shekaranjiya. Limamai suka yi magana a huɗuba. Aka ɗauki mata 'yan sa-kai, kowace daga unguwarsu, domin mace ce ke shiga cikin gida inda namiji baƙo zai tsaya a zaure. Ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN suka shiga. Waɗanda cutar ta riga ta taɓa suka haɗa kansu suna bin ayarin rigakafi, kuma da wuya uba ya kalli ƙafafun mutumin da ke roƙonsa ya ce a'a. A 2008 an samu masu cutar kusan 800. A 2010 an samu 21.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne cewa matan nan ba saƙon hukuma kawai suke kaiwa gidaje ba. Suna kuma ɗauko na gidaje su mayar wa hukuma. Koken da aka yi ta maimaitawa shi ya sa daga baya aka riƙa kafa rumfunan duba marasa lafiya a ranakun rigakafi, a ba da maganin zazzaɓi da na gudawa da na tsutsar ciki, uwa ta zo da yaronta don wani ciwo a ɗiga masa na shan-inna a nan take. Da 'yan sa-kai sun ɗauka aikinsu shi ne su cika takarda su karɓi alawus, da wannan gyaran bai samu ba.

Aikin bai tafi ba asara ba. A ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, kusan dukkansu mata. Allah ya jiƙansu. 'Yan uwansu suka share hawaye suka sake ɗaukar akwatin sanyi. A 2016 aka ga na ƙarshe da cutar ta asali ta kama, a Barno, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar wa nahiyar Afirka cewa ta rabu da ita.

To ku masu cewa ba ruwanku da gwamnati, ku dubi ɗaya ɓangaren. Maganin nan in ya sha zafi ya lalace, don haka sai an riƙe shi cikin sanyi tun daga filin jirgi har ƙauyen da babur ma da ƙyar yake shiga. Sai an ɗauki kashin duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya an kai ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri. Sai an tsara rana guda da dubban ma'aikata za su fita a ƙananan hukumomi 44 na Kano, su yi alama da alli a bangon kowane gida, su shafa wa kowane yaro tawada a ɗan yatsa. A sassan Barno da rikici ya rufe, sai da sojoji da 'yan kato-da-gora suka kai maganin. Babu ƙungiyar unguwa, komai kishinta, da za ta iya wannan. Hukuma na da faɗi da doka da baitulmali. Ku kuma kuna da sanin mutane da yardarsu. Kowane ɓangare in ya tafi shi kaɗai, yaron nan ba zai samu ɗigonsa ba.

Akwai wani tsari da ya kamata ku yi nazarinsa. A ƙarshen 2012 gwamnatin Kano ta rattaba hannu a yarjejeniya da gidauniyar Ɗangote da ta Bill da Melinda Gates kan rigakafin yau da kullum. Aka buɗe asusu guda kowa na zuba nasa, da sharaɗin kason gidauniyoyin zai riƙa raguwa kowace shekara, na jiha yana ƙaruwa, har ta ɗauki nauyin gaba ɗaya. Daga baya Bauci da Barno da Kaduna da Sakkwato da Yobe suka yi irinta. Ku lura, attajiran da suka fi ku kuɗi nesa ba kusa ba ba su yarda su ɗauke wa gwamnati aikinta har abada ba. Ku ma in za ku gyara rufin aji ko ku haƙa rijiyar burtsatse a asibiti, ku fara zama da mai kula da wurin da sashen da abin ya shafa a ƙaramar hukuma, a rubuta wa zai kawo me, kuma wa zai gyara in ya lalace bayan kun tafi. Famfunan da ke tsaye a ƙauyukanmu ba ruwa, da yawansu wannan zaman ne ba a yi ba.

Kuma kada ku ɗauka an gama. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki, yawanci ta kama yaran da ba a yi musu allurar da ake bayarwa kyauta a asibitin sha-ka-tafi ba. Mun iya gangami na kwana huɗu, amma kai jariri asibiti a mako na shida da na goma da na sha huɗu yana ba mu wuya. Wannan aiki ne marar hayaniya, ba a ɗaukar hotonsa, kuma shi ne daidai ƙarfinku.

Ba sai kun ƙirƙiro sabon abu ba, kujerun suna nan babu kowa a kai. An tsara kowace mazaɓa ta samu kwamitin raya ta, mai sa ido a kan asibitinta. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani ɓangare yana shiga asusun asibitocin da aka zaɓa kai tsaye. Wa ke tambayar nawa ya shigo, me aka saya? Makarantun firamare na da kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, kuma akwai gurbin mata da na tsofaffin ɗalibai a cikinsa. Ku dubi direbobin ƙungiyar NURTW a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara, da aka horar don su ɗauki mai naƙudar da ta wahala zuwa asibiti ko da tsakar dare. Ba su gina asibiti ba. Tazarar da ke tsakanin ƙauye da gadon haihuwa suka rage, kuma da ita ake rasa mata.

In kun shiga, abu biyu za su gwada ku. Na farko kuɗi. Ku riƙa rubuta kowace naira, ku karanta wa jama'a a fili, ma'aji daban mai sa hannu daban. Tallafin waje kan zo da wa'adi, in ya ƙare wanda ya shigo don alawus zai watse, don haka ku gina ƙungiyar a kan abin da aljihunku da na unguwa zai iya ɗauka. Na biyu siyasa. Ku yi aiki da kansila da ciyaman ko daga wace jam'iyya suke, ku ba su girmansu, amma kada ku liƙa hoton kowa a jikin aikin. Ranar da mutane suka ga hular jam'iyya a kanku, rabin ƙofofin da ke buɗe muku za su rufe, kuma yardar nan ita ce kaɗai abin da kuka kawo wa hukuma wanda ba ta da shi.

Haɗa kai da gwamnati ba ya nufin ku yi shiru. In ma'aikaci ba ya zuwa aiki, ko magani na fita ta bayan gida, ku fara samunsa tsakaninku da shi, watakila akwai uzurin da ba ku sani ba, watakila wata uku ba a biya shi ba. In abin bai gyaru ba ku rubuta, da rana da shaida, ku kai gaba cikin ladabi. Takarda guda mai hujja ta fi zagi ɗari a Facebook tasiri.

Don haka ina roƙonku, 'ya'yana, a wannan makon ku je asibitin mazaɓarku ku gaida ma'aikatan, ku tambayi ranar da ake allurar jarirai da ranar da kwamiti ke zama, sannan ku nemi mai unguwa ya nuna muku gidajen da aka yi suna kwanan nan. Allah ya dafa muku, ya sa abin da kuke yi ya amfani na bayanku.