Darasi na 17: Tafiyar Salla a Mota

Idan Salla ta ƙarato, kowa a birnin Kano ya sani ko ba a gaya masa ba. Kasuwar Kurmi ta cika, teloli sun daina barci. Tashoshin mota kuwa, Unguwa Uku da Ƙofar Ruwa da 'Yankaba, ba masaka tsinke. Waɗansu za su ƙauye su gai da iyaye, waɗansu suna tahowa daga Ikko da Abuja don su ga Hawan Daushe. Mu ma a cikinsu muke. To, bari mu duba yadda mutum zai je ya komo lafiya.

Abu biyu muka fi tsoro a hanya: gudu da barci. Lokacin Salla su biyun tare suke tafiya. Direba ya ga fasinja sun yi yawa, kuɗin mota ya hau. Sai ya so ya yi sawu biyu a ranar da ya saba yin ɗaya. Ya kwana bisa hanya, ya ci goro, ya sha shayi, da asuba ya sake lodi. Wani ma har ƙwaya yakan haɗiya. Amma goro ba ya biyan bashin barci.

Ga wani lissafi, mu yi shi tare. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. In direba ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa 3 kaɗai, motar ta ci mita 84 ke nan, kusan tsawon filin ƙwallo, ba mai tuƙa ta, ga mutane cike a ciki.

Mu mutanen Kano mun ga wannan da idonmu. Ran 31 ga Mayu, 2025, ana saura 'yan kwanaki Babbar Salla, motar 'yan wasanmu ta faɗa ƙarƙashin wata gada kusa da Ciromawa, a hanyar Zariya. Daga Abekuta suka taso, tafiyar kusan kilomita 1,000, har da dare. Fiye da mutum 20 suka rasu, sun kusa gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce gajiya da gudu ake zargi. Allah ya jiƙansu.

Saboda haka kada mu bar tafiya sai jajibere. Mu tashi da sassafe, kwana biyu ko uku kafin Salla, mu isa da sauran rana. Sauri ya haifi nawa.

Yanzu ga inda karatunmu zai yi mana rana. Kafin mu shiga mota, mu tsuguna mu dubi taya. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a jere, bayan haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In muka ga 2322, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce taya shekara 4 take yi. Wadda ta wuce haka, ko wadda ta suɗe, takan fashe in kwalta ta yi zafi kuma kaya sun yi nauyi. Motar da aka ɗora wa buhuna da raguna har bisa rufi, mu bar ta ta wuce, wata na tafe.

A tasha kuma ana ba da takardar sunayen fasinja. Mu rubuta sunanmu da hannunmu, da lambar wani na gida. Kada mu ce ɓata lokaci ne. Da ita ake neman dangi in wani abu ya faru.

Da mun zauna, mu ɗaura bel in akwai shi. Tun 2003 ake kama wanda bai ɗaura ba. Doka ta ce motar haya kada ta wuce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. Wanda ke zaune a gaba yana iya karanta agogon gudu, kuma shi ya kamata ya riƙa jan direba da hira.

Abin da ya fi wuya shi ne buɗe baki. Mu Hausawa kunya ta yi mana yawa a mota. Direba na sheƙa gudu, ko yana waya, kowa ya yi tsit yana salati a zuci. Wani ma zuga shi yake, wai a taka a isa da wuri. Sai ɗayanmu ya ce, "Malam direba, don Allah a sassauta, akwai yara a motar nan." Da ɗaya ya faɗa, sauran su mara masa baya, kada a bar shi shi kaɗai. In muka ga idon direba ya yi ja yana hamma, mu ce a tsaya a yi salla, ya ɗan runtsa. In ya ƙi ji, mu sauka a gari na gaba. Asarar kuɗin mota ce kawai.

Hukumar nan da muke ta ambata an kafa ta a 1988. Tana da lambar da ake kira kyauta in an yi haɗari, ita ce 122. Kowa ya ɗauki fensir yanzu ya rubuta ta a bangon littafinsa, in ya koma gida ya sa yaro ya adana masa ita a waya.