Bayyana Gaskiya da Rufin Asiri Wajen Kai Rahoton Haɗari a Makaranta

1.0 Gabatarwa

Malami shi ne yakan fara ganin bangon aji ya tsage, ko rufi yana yoyo, ko wayar lantarki ta ɓare. Wannan darasi zai yi bayanin yadda zai kai rahoton irin waɗannan matsaloli ba tare da ya ɓoye haɗari ko ya tona asirin wani ba.

2.0 Haƙƙin Jama'a na Sani

Hausawa na cewa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. A ranar 12 ga Yuli, 2024, ginin wata makaranta mai bene ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos, inda mutum 22 suka rasu. Irin wannan masifa tana nuna cewa lafiyar ginin makaranta ba sirri ba ce, domin iyaye suna da haƙƙin sanin inda 'ya'yansu suke zama. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati amsa buƙatar mai neman bayani cikin kwana 7.

3.0 Haƙƙin Mutum na Sirri

Sai dai kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa. Haka nan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, ta kuma shar'anta neman yardar iyaye kafin amfani da bayanan yaro. Ita kanta dokar 2011, a sashe na 14, ta hana fitar da bayanan da suka keɓanta ga mutum, sai da yardarsa, ko idan maslahar jama'a ta rinjaya.

4.0 Yadda Ake Daidaitawa

Ƙa'idar ita ce a bayyana matsalar, a sakaya mutumin. Abubuwan da za a bayyana su ne:
(a) irin lalacewar da wurin da take;
(b) ranar da aka gano ta;
(c) matakin da aka ɗauka, da ofishin da gyaran ya rataya a wuyansa.

Waɗanda za a sakaya kuwa su ne:
(a) suna da hoton ɗalibin da ya ji rauni;
(b) sunan wanda ya kai rahoto, don kada a tsangwame shi, gobe kowa ya kama bakinsa;
(c) zargin da bincike bai tabbatar ba.

Misali, ya wadatar a rubuta a allon sanarwa cewa an rufe aji uku saboda bangonsa ya tsage. Cikakken bayani kuwa sai a miƙa shi a rubuce ga shugaban makaranta, daga nan zuwa kwamitin gudanar da makaranta da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Idan haɗarin na gaggawa ne, a fara fitar da yara kafin a yi rubutu.

5.0 Kammalawa

An ga cewa haƙƙoƙin nan biyu ba sa cin karo idan an bambanta matsala da mutum. Ɓoye haɗari yana jawo asarar rai, tona asiri kuma yana zubar da mutunci.

Auna Fahimta

1. Kawo abubuwa uku da ya kamata a sakaya a rahoto, tare da dalilai.
2. Rubuta sanarwa mai jimla biyar ga iyaye game da rijiyar makaranta da ba ta da murfi.