Darasi: Dusa da tsakuwar fitsari ga ragon turke da tsohon sa

Jama'a makiyaya da manoma masu kiwo, maza da mata, darasinmu na wannan karo a kan wata cuta ce da ke kashe rago daidai lokacin da ya yi ƙiba, kuɗinsa ya kai. Ita ce tsakuwar fitsari. Daga Ɗan Isa har Madarunfa, wata uku kafin Layya gidaje da yawa za ku iske balami ko uda a turke, gabansa tasa cike da dusa. Wani ya zuba jarinsa duka, wata ma bashin asusu ta ci ta saye shi. To, cutar nan daga cikin wannan tasa take fitowa. Ba a ɗaukar ta daga wata dabba, ba ta kuma da allurar rigakafi. Ci da sha ke kawo ta, ci da sha ke hana ta.

Mi ke kawo tsakuwar?

Cikin abincin bisashe akwai gishiri iri biyu da ido ba ya gani, su ke gina ƙashi: kalsiyom da fosfor. Jikin rago yana son kalsiyom ya ninka fosfor sau 2. Dusa kuwa ta juya lissafin. Kilo 1 na dusar alkama yana ɗauke da fosfor wajen giram 11, kalsiyom ɗinsa bai kai giram 2 ba. Dusar hatsi, da tsabar dawa, da gurya, da tunkuza, duk fosfor ya fi yawa cikinsu. Harawar wake da ta gyaɗa su ne masu kalsiyom, wajen giram 10 zuwa 12 a kilo.

Dabbar da ke cin ciyawa da kara takan yini tana tuƙa. Tuƙar nan tana kawo miyau mai yawa, miyan ya kwashe fosfor daga jini ya kai shi tumbi, ya fita cikin kashi. Ragon da aka cika da jiƙaƙƙiyar dusa haɗiya kawai yake yi, tuƙarsa kaɗan ce. Sai aikin ya koma kan ƙoda, ta zuba fosfor ɗin cikin fitsari. In ruwan sha ya yi ƙaranci, fitsari ya yi kauri, sai gishirin ya kwanta cikin mafitsara kamar yashi a gindin tulu. Yashin ya dunƙule, ya bi hanya, ya toshe ta.

Wace dabba ta fi kamuwa?

Namiji. Hanyar fitsarin tunkiya da akuya gajera ce mai faɗi, yashi yana wucewa. Ta rago da bunsuru doguwa ce, siririya, tana da lanƙwasa a bayan maraina, kuma a ƙarshen azzakari akwai ɗan tsinke kamar zare. A wuraren nan biyu tsakuwa ke maƙalewa.

Taure da san noma sun fi shiga haɗari, musamman in an dandaƙe su suna ƙanana, don hanyar ba ta gama buɗewa ba. In za ku dandaƙe ɗan bunsuru, ku bari ya kai wata 5 ko 6.

Lokaci ma yana da nasa. Cikin ɗari dabba ba ta son ruwan sanyi, sai ta rage sha. Cikin bazara tana son sha, ruwan ne ba ya isa. Layyar 2025 ta zo farkon watan Yuni, ta 2026 ƙarshen watan Mayu. Ke nan a shekarun nan ana ɗaure rago da ƙarshen ɗari, ya yi ƙibarsa cikin tsananin zafi.

Alamun da za ku gani

1. Rago ya bar dusarsa, ya tsaya ya miƙe baya yana nishi kamar mai son kashi.
2. Yana kaɗa wutsiya, yana kuka, yana cizon haƙora, wani sa'i ya harbi cikinsa.
3. Fitsari na fita ɗigo-ɗigo, ko da jini, ko babu sam. Ku duba ƙasan turke da safe: in busasshe ne, akwai magana.
4. Farin gari kamar gishiri ya bushe a gashin bakin kubensa.

Mutane da dama sukan ɗauka cushewar ciki ce, su ɗura masa mai ko kanwa, yini ya wuce. In hanya ta toshe ɗungum, mafitsara na iya fashewa cikin kwana 1 zuwa 2. Da ta fashe sai rago ya yi shiru kamar ya samu sauƙi. Kada wannan ya ruɗe ku. Fitsari ne ya zube cikin ciki. Daga nan ciki ya kumbura, numfashinsa ya yi zarni, cikin ƴan kwanaki ya mutu.

Abin yi in ta toshe

Ku nemi malamin dabbobi a ranar, kada ku jira ranar kasuwa. In tsakuwar a tsinken nan take, yana iya yanke shi fitsari ya zubo. Aikin mai sani ne da kayan aiki masu tsabta, kada a gwada shi da reza a gida. Kafin ya iso, ku ɗauke dusa gaba ɗaya, ku kai dabbar inuwa.

Ku kiyayi abu uku. Kada ku ɗura masa ruwa da ƙarfi alhali hanya na toshe, tulun da ya cika ba a ƙara masa. Kada ku yi masa allurar sa fitsari, ita ke gaggauta fashewar mafitsara. Kada ku sayi allurar teramisin ko ƙwayar ciwon jiki a tebur ku ba shi, ba sa narkar da tsakuwa, kuma suna ƙara wa ƙoda wahala.

In malamin dabbobi ya ce ba ta gyaruwa, a yanka da wuri. Naman dabbar da fitsari ya shiga jininta yana zarni, mai duba nama a mahauta ba zai bari a sayar ba. Ku tuna kuma, dabbar da ciwonta ya bayyana ba ta yin layya.

Yadda za ku auna abinci

Ga abin da ya ishi rago mai kilo 45 zuwa 50 a yini guda:

Harawar wake ko ta gyaɗa: kilo 1.
Dusa: rabin kilo, a raba biyu, safe da marece.
Kara yankakke ko busasshiyar ciyawa: kullum a gabansa.
Gishiri: ƙaramin cokali 2 cikin dusar yini. A fara da rabin cokali, a ƙara a hankali cikin mako guda.
Ɓawon ƙwai 2: a tafasa, a shanya, a daka ya yi laushi, a barbaɗa. Masu shayi zubar da shi suke, ku roƙa.

Ku lura, dusa kashi 1 ce, harawa kashi 2. Tiya ba ta faɗin nauyin dusa, don dusa ba ta da nauyin hatsi. Ku kai ƙwaryar da kuke awo da ita wurin mai sikeli sau ɗaya, ku san inda rabin kilo ya tsaya, ku yi mata alama. Ku fara ba da harawa, in ya ci sannan dusa ta biyo. In kuna ƙara gurya ko tunkuza, ku rage dusa daidai abin da kuka ƙara. Kada ku sa garin ƙashi a madadin ɓawon ƙwai, shi ma fosfor ne cike da shi.

Amfanin gishiri shi ne ya sa ƙishirwa, rago ya sha, fitsari ya tsinke ya wanke mafitsara. Saboda haka wanda ba ya iya ajiye ruwa a gaban dabba dare da rana, kada ya ƙara gishiri. Babban rago yana shan lita 4 zuwa 6 a yini, cikin bazara ya fi haka. A ajiye ruwan a inuwa, a wanke kwano kullum. Da ɗari, a bari rana ta ɗan taɓa ruwan kafin a ba shi.

Sai maganar kanwa. Mun san darajarta wurin makiyayi, kuma garken da ke kiwo a daji ba ya cutuwa da lasar ta. Ragon da ke kan dusa dabam ne. Tsakuwar dusa ta fi ƙulluwa a fitsarin da ya yi kanwa-kanwa, jiƙa kanwa cikin ruwansa kullum taimakon cutar ne. Ku rage ta sosai a turke. Akwai wani gari, amoniyom kulorid, mai sa fitsari ya yi tsami ya hana yashin kwanciya. Malamin dabbobi ne ke faɗin awonsa, don in ya yi yawa guba ne.

Tsohuwar dabba da wadda ta tashi daga ciwo

Tsohon san noma da haƙoransa suka cinye ba ya iya kara, sai mai shi ya tausaya masa ya mai da shi kan dusa zalla. Ga tsufa, ga dandaƙa, ga rashin tuƙa, an haɗa masa uku. Ku yanka masa harawa ƙanana, ku yayyafa ruwa ta yi laushi, ku haɗa da ƙowar wake da ɗanyen haki in akwai. A ba shi kaɗan-kaɗan sau 3 ko 4 a yini.

Ragon da aka buɗe wa hanya shi ma ƙodarsa ta sha matsi, kuma sauran yashi na nan cikin mafitsara, yakan sake toshewa. Kada a mai da shi kan dusa da tunkuza. Harawa, ciyawa da ruwa su ne abincinsa, a riƙa duba fitsarinsa safe da marece, a kuma yi shawara da malamin dabbobi kan lokacin yanka shi. Wannan ƙa'ida ba ta tsaya ga bisashe ba. Ko tsohuwar kyanwa mai ciwon ƙoda, abin da likitoci ke fara rage mata cikin abinci shi ne fosfor, su ƙara mata ruwa.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

1. Nawa ne nauyin dusar da kuke ba rago a yini? Kun taɓa aunawa?
2. Sau nawa kwanon ruwansa ke bushewa kafin a cika?
3. Harawa nawa kuka ajiye da kaka, za ta kai ku Layya?
4. In rago ya kasa fitsari yau da dare, wa za ku kira, kuna da lambarsa?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman mata da yara, su ke ba dabba ci da sha a gida. Allah ya sa albarka a turke.