Shawarwari 7 na Rage Kuɗin Sutura da Kare Muhalli

Atamfa da shadda sun yi tsada, kuɗin ɗinki ma ya bi sahu. A gefe guda kuma, magudanan ruwa sun toshe da tsummokaran da aka zubar. Maganin matsalolin biyu ɗaya ne: kowace tufa ta daɗe tana aiki. An ƙiyasta cewa rigar auduga guda tana cin ruwa kimanin lita 2,700 daga gona zuwa shago, don haka yar da ita da wuri asara ce ga aljihu da ƙasa.

1. A duba akwati kafin a je kasuwa. Kafin ɗinkin Sallah, uwargida ta fito da kayan kowa ta baje. Sau da yawa akwai turmin da aka manta da shi, ko rigar da maɓalli kawai ta rasa.

2. A sayi mai ƙarko. Araha ba ta ado. Idan kin shiga Kantin Kwari, ki murza gefen yadi ki ga ko sitati ne ya ba shi kauri, ki ɗaga shi ga haske ki duba saƙar. A gida kuma, ki zare zare ɗaya ki kusanta shi da ashana: auduga takan ci wuta ta zama toka, yadin roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule. Daga man fetur ake yin na roba, yana riƙe zafi, kuma ba ya ruɓewa a bola.

3. A sassauta wa anko. Ba dole kowane biki sai da sabon yadi ba. Dangi za su iya tsayar da launi ɗaya, kowa ta sa abin da take da shi. Idan an fitar da anko, a yi masa ɗinkin da za a iya sawa bayan biki.

4. A sayi gwanjo da lura. A Ƙofar Wambai ana samun rigunan sanyi da kayan yara masu kyau, musamman ranar da aka buɗe dila. A duba wuya da hammata da zif, a wanke kafin a sa. Amma kada araha ta sa a kwaso abin da ba a buƙata. Misali, kasuwar gwanjo ta Kantamanto da ke Accra tana karɓar tufafi kusan miliyan 15 a mako, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari bola suke komawa.

5. A kula da wanki. Yawan omo da bilic suna cinye zare. A juya tufa ta ciki kafin wanki, a shanya mai launi a inuwa, domin rana ce ke kashe kala. Babbar rigar da aka sa zuwa masallaci kawai, a rataye ta ta sha iska.

6. A riƙa faci da rini. Ƙaramar yaga, idan aka kai wa tela yau, ba za ta zama babba gobe ba. Farar shaddar da ta dafe kuwa a kai ta marina. A Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yanzu da baba da toka da kanwa ake rini. Auduga ce ke kama baba sosai. Wannan ma dalili ne na zaɓen ta.

7. Kada a yar da ƙyalle. Ki ce wa tela ya bar ƙari a kalmasar kayan yara don a saki idan sun girma, ya kuma dawo miki da ragowar yadi. Zanin da ya tsufa zai yi siket ɗin yarinya, ko rigar matashi, ko jakar cefane a madadin leda. Wanda ya mutu gaba ɗaya ya zama tsumman goge-goge. Kada a ƙona yadin roba, hayaƙinsa yana cutar da ƙirji.

Abin da ya yi wa na gida kaɗan alhali da sauransa, a wanke shi a goge, a miƙa wa mabuƙaci. An rage bola, an suturta wani, ga kuma lada.